Ƙugiya

Ɗayyabu mai albasa a Mile 12
ya miƙo mini wayarsa, bai ce uffan ba.
A manhajar da na gina, farkon sunansa akwati ne fanko,
"ayyabu" na biye, an sare masa kai.

Na koma ɗakina a Agege,
janareton maƙwabci na tari bayan taga.
Na zana ɗ, na lanƙwasa mata wuya.
Ƙ ta yi gardama, sau tara ina goge ta.
Ɓ kuwa, da ma jira take.

Sai bin shafuka:
na shiga, na lissafin buhuna, rasit,
har maɓallin "fasa" da ba mai taɓawa.
Ƙarfe uku na kama tsohon rubutun
laɓe cikin saƙon kuskure
kamar ɓera a bayan tukunya.

Da asuba na hau danfo, ido jajir.
Ɗayyabu ya goge gilashin da gefen riga, ya duba.
"To, yanzu ni ne."
Ya cusa mini albasa uku a jaka,
ya juya ga matar da ke taya kwando.