Takardar Ƙosai

Tsahara ta ƙunsa mini ƙosai na dala ashirin
a bakin tashar Tawa, bayan la'asar,
cikin shafin da aka yago daga wani littafi.
Na cinye ƙosan. Shafin ne na kasa yarwa.

Faransanci ne, baƙaƙe ƙanana kamar ƙwayar riɗi,
labarin wani sarkin sarakunan Japan na can da.
Sai dai mai ya zauna daidai kan sunansa,
ya mai da wurin garau kamar gilashi.
In na ɗaga takardar ba sarki nake gani ba,
inuwar masu lodin albasa ce ke gilmawa.

Ga abin da ya tsira daga man:
ɗa na huɗu ne ga ubansa,
uwarsa ɗiyar babban waziri.
An ɗora shi kan gado yana da shekara tara,
ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa,
kakansa na wajen uwa ke riƙe masa hatimi.
Shekara ta uku shinkafa ta ƙi.
Ta biyar agana ta shigo ta bakin teku,
aka sake wa zamanin suna
ko ciwon zai ɓata hanya.
Ƴaƴa goma sha ɗaya. Na karanta mazan.
Kan matan yaji ya zuba.

Yana talatin da biyu ya sauka don kansa,
ya aske kai, ya hau dutse,
ya bar wa yaro gadon yadda aka bar masa.
Daga nan takarda ta yage.

Shekara ashirin da shida ina ƙofar ofishin magajin gari
da tebur da biro,
ina rubuta wa mutane ranar da aka haife su,
har waɗanda ba su san ranar ba.
Ubana Nomau, mahaƙin rijiya a Barmu,
katinsa cewa ya yi: an haife shi wajejen shekara kaza.
Wajejen!
Kamar mutum gari ne da ake nunawa da baki.

Shi ma ɗa na huɗu ne.
Shi ma yana ƙarami aka ɗaura masa igiya a ƙugu,
kawunsa na riƙe da bakinta daga sama.
Mulkinsa gaba ashirin ne a tsaye,
faɗinsa bai wuce miƙa hannu biyu ba.
Rijiya arba'in da ɗaya.
Babu fadar da ta sake wa zamani suna dominsa,
amma je ka tambayi tsofaffin matan ƙauyenmu
yaushe aka yaye Arzika,
za su ce: shekarar da Nomau ya cim ma ruwa a kwari.

Da gwiwa ta ƙi, ya miƙa wa ƙanena dagi,
bai ce komai ba,
ya koma gindin adua yana tufka.
Ban sani ba ko wancan ma, a kan dutsensa,
yana kasa kunne da asuba
ya ji ko yaron ya iya.

Washegari na koma wurin Tsahara.
Na ce a ba ni na dala ashirin,
a cikin shafin da ke bi ma na jiya.
Ta yi dariya har matsami ya kusa kuɓuce mata.
Ta ce littafin a kilo ta saye shi,
kuma wanda nake nema tun da safe
wani direba ya ƙunshi nasa a ciki, ya yi Agadas.

To, mutuwar sarki da kabarinsa
suna can bisa hanyar Abalak,
a aljihun mutumin da bai san yana ɗauke da su ba.

Na dawo tebur, na juya shafin,
na fara: Nomau, ɗan Gado, ɗan Mantau.
Inda man ya taɓa, biro ya ƙi kamawa.
Na zagaye wurin na ci gaba.