Ɗorawa Tara

Sun dawo Ribah da takarda,
takardar da aka yi da gonarmu.
Wai Inna Tabawa ta dangwala yatsa,
ga kuɗin ɗorawa tara.

"Tara? Ku sake ƙirgawa.
Ina wadda muka binne cibiyar Jatau a gindinta?
Ina daddawar shekara ashirin,
da rijiyar da turarenku ya shanye har laka?"

Ana tumɓuke kututture yanzu,
ƙasa na warin magani.
Aka miƙa mata dashe a baƙar leda,
kaɗanya, ko taƙi ba ta kai ba.

Ta kewaye ta da ƙaya saboda awaki.
Ba za ta ga man kaɗen ba, ta sani.
Kullum da asuba dai
sai ta raba ruwan butarta biyu.