Kifin da Bai San Ruwa Ba

A Muynak teku ya yi ƙaura tun kafin a haife ni.
Bai yi sallama ba.
Ya bar jiragensa a kan yashi
kamar baƙon da ya fice ya manta takalmansa a bakin ƙofa.
An ce auduga ce ta shanye kogunan tun daga can sama.
Ni dai abin da na tarar
raƙuma ne suna sosa wuya a jikin tsatsa.

Sunana Aisulu, walda nake yi.
Da asuba nakan ja amalanke zuwa kangon kamfanin gwangwani,
in tsinto abin da gishiri ya ci ya rage:
marfin tukunyar inji, sarƙar da ta saki jirginta,
cokula, noti, ƙusa mai lanƙwasasshen baya,
da wani faifan ƙarfe da har yau fentinsa shuɗi ne,
shi kaɗai ya riƙe launin ruwan.

Na yanka, na buga, na haɗa.
Cokali arba'in da bakwai suka zama ɓawo,
haƙoran zarto suka hau gadon baya,
na sa noti biyu a gurbin ido.
Tartsatsi ya huda mini hannun riga, sabon abu ba ne.

Sai na kai wa kakana Otegen.
Shekara ashirin da shida ya yi yana jan taru,
yanzu yana ta rufe masa idanu,
da tafin hannu yake duba aikina.
Ya shafa daga baki zuwa wutsiya, ya koma,
ya tsaya a ciki, ya yi tsaki.

"Wannan bai taɓa iyo ba.
Kin miƙar da shi kamar sanda.
Kifi, ko a mace yake, akwai kwana a jikinsa.
Gashin bakin nan kuma huɗu ne, ba biyu ba,
kuma a ƙasa suke, da su yake laluben laka.
Wa ya koya miki, hoton littafi?"

Hoton littafi ne.
Ban ce komai ba, na mayar da shi wuta.
Sau uku yana dawo mini da shi.
A na huɗu ya daɗe bai yi magana ba,
yatsansa na cikin tsagar wuyan kifin,
inda masunta ke kamawa su ɗaga.
Ya ɗaga. Hannunsa ya san nauyin.
Ya ce, "Irinsa muka kama ranar da aka haifi uwarki.
Mutum biyu suka taya ni."
Sannan ya nemi shayi, ya ce ya yi sanyi, alhali da zafinsa.

Masu yawon buɗe ido sukan zo da mota mai ƙura,
su sayi ƙaguwar da na yi da makullin keke,
ko jatan lande na waya, mai shiga aljihu.
Wata ta tambaye ni ko ina kewar teku.
Yaya zan yi kewar wanda ban taɓa gani ba?
Na ba ta canjinta.

Wannan dai kaka ya hana a sayar.
Muka ɗora shi a amalanke, shi yana dafe da kafaɗata,
muka gangara tsohuwar gaɓa,
muka yi tafiya a ƙasan teku da takalmanmu,
kwanson wuri na ƙara a ƙarƙashin taya.
Ya ce in juya kansa arewa, can ruwan ya bi.

Yana nan har yanzu, ya fara ja.
In iska ta taso da yamma
takan shiga ta bakinsa ta fita ta wuyansa,
cokulan su yi ta kaɗawa a hankali.
Kaka ya ce ba haka ƙarar ruwa take ba.
Amma kullum sai ya sa na kai shi.