Waya Mai Fangali

Haladu ya kawo mini ita daga Fatakwal
shekarar da ruwa ya cinye albasarmu a Auyo.
Ya ce, "Riƙe, Yaya, ba irin ta kowa ba ce."
Ban gane yabo ne ko gargaɗi ba
sai da ta yi kaka biyu a aljihuna.

Fuskarta fangali-fangali ce,
kamar ka tsaya bakin kanal ka dubi fadama:
nan shuɗi, nan kore, nan ja kamar shanyar tattasai,
kowane gida da abin da aka shuka masa.
Ban yi boko ba,
amma ban taɓa ɓata a cikinta ba.

Caji ɗaya, kwana uku.
Tanimu mai caji har ya rage mini fara'a,
don kuɗina ba sa zuwa rumfarsa sai jefi-jefi.
Ba ta sandarewa, ba ta zazzaɓi da rana tsaka.
Na manta ta kan benci a kasuwar Gujungu,
ɓarawo ya ɗauka, ya jujjuya,
ya ajiye mini abata.

To, amma shiga kasuwar manhajarta ka gani.
Rumfuna a share, an yayyafa ruwa,
babu mai saye, babu mai sayarwa.
Ta banki babu. Ta farashin taki babu.
Wata safiya ta hira ma ta ja ƙofa,
zauren manoman albasa ya tashi ya bar ni,
sai a bakin masallaci nake jin
buhu ya hau tun shekaranjiya.

Ta Barau, mai ɗan koren mutum,
motar kasuwa ce:
akuya ta shiga, mai akuya ya shiga,
kwandasta yana ta kiran wasu.
Takan tsaya cik a tsakiyar hanya,
tallar bashi ta faɗo masa yana karatun Lazimi,
ya zage ta, ya kashe, ya kunna.
Duk da haka ita ke kai shi inda za shi.

Ta ɗan gidan Alhaji Sambo, mai gatsattsen tuffa,
kuɗin bijimi biyu ce.
Gida ne mai katanga da kwalabe a kai,
ciki sumul, ba ƙura,
amma ko wayar cajinta
ba ta cin tuwo da na talakawa.

Na kai tawa Haɗeja wurin Nafi'u mai gyara.
Ya danna nan, ya danna can, ya yi murmushin tausayi.
"Baba, jikinta lafiya lau.
Masu ita ne suka yaye ta, suka yi gaba.
Rijiya ce mai daɗin ruwa,
garin ne ya tashi."

Na ce to, kwashe mini abu ɗaya.
Akwai muryar mahaifinmu a ciki,
minti huɗu, da tari a tsakani,
yana faɗin iyakar gonarmu:
daga gawon da tsawa ta tsaga
zuwa surin da ke gabas da burtali,
"kada ku yi faɗa da gidan Ilu a kan taku biyu."
Nafi'u ya haɗa waya da waya,
suka zauna kamar Bafillace da Babarbare,
kowa ya ƙi jin yaren wani.
Ya ce in dawo ranar da kwamfutarsa ta warke.

Ban koma ba tukuna.
Na sayar da tiya goma ta riɗi,
na sayi mai koren mutum, ta hannu,
tana aljihun dama tana ta surutu.
Mai fangali tana na hagu, shiru,
cajinta bai ko girgiza ba.
In na je ban-ruwa da asuba
nakan kunna tsohon ya sake gaya mini
inda gona ta tsaya.