Wanzamin Janar

Sun kafa masa gunkin tagulla a dandalin gari,
bisa ingarma mai ɗaga ƙafa,
takobi na nuna kudu.
Na tsaya a ƙasa ina dariya ni kaɗai,
don Janar Lemuel Haskett tsoron doki yake ji.
Shekara huɗu a bayan alfadara ya yi yaƙinsa,
wata mai taurin kai da yake kira Uwargida.

Ni ne Cyrus, wanzaminsa.
Na tsere daga gonar taba a Kentucky
da aska ɗaya cikin takalmi,
na faɗa sansanin masu shuɗin kaya.
Ranar farko ya miƙa mini maƙogwaro, ya rufe ido.
Na ce a raina, wannan ko waliyyi ne ko wawa.
Har yau ban yanke hukunci ba.

Kafin kaki, mai awon ƙasa ne,
mai jan sarƙa daga tudu zuwa tudu.
Shi ya sa komai sai ya ƙirga:
buhunan wake, ƙusoshin kofato,
taku nawa daga tanti zuwa rijiya.
Ya taɓa sa a ɗaure wani yaro a jikin keken igwa
saboda kaza ɗaya.
Da sanyi ya sauko, shi ya kai masa bargo,
bai ce uffan ba.
Harshensa barkono ne.
Bai iya ba da haƙuri ba, sai dai ya miƙo maka taba.

Sai ranar mashigin rafi a Tennessee.
Ruwa ya kwana yana zuba,
masu kaya ruwan toka suka shigo rafin har ƙirji.
Ya ɗora madubin hange a ido,
ya ga tutar rundunar da ƙaninsa Josiah ke ciki.
Ciki ɗaya, nono ɗaya,
a gado ɗaya suka yi ƙyanda.
Na ga jijiyar muƙamuƙinsa ta motsa.
Na san jijiyar nan, kullum safiya ina kewaye ta da aska.
Ya ce, "Yadi ɗari shida. A buɗe wuta."
Igwa goma sha biyu suka amsa,
rafin ya koma kwatar mahauta.

Jaridu suka yi ta yi masa kirari,
wai dutse, wai guguwa, wai garkuwar ƙasa.
Ni dai abin da na gani,
kumfar sabulu ta bushe a fuskarsa, bai sani ba.
Ya ce, "Cyrus, dubu da ɗari biyu da ɗaya.
Ɗayan nan ya ƙi shiga lissafi."

Uwarsu ba ta sake buɗe wasiƙarsa ba.
Goma sha tara suka dawo da hatiminsu,
ya jera su cikin akwatin kayan awo.

Wata rana, askata na bisa wuyansa, na tambaye shi,
"Don mu ka yi yaƙin nan?"
Da wani ne, da ya shafa mini mai a baki.
Ya ce, "Don kada taswira ta yage na fito.
Kai a hanya na tsince ka,
kuma kai ka nuna mini abin da taswirar ta rufe."
Na ji haushi. Na ƙarasa askin, ban yanke shi ba.

Da aka gama, aka ce ya zo ya yi gwamna,
ya ce tuffansa na jiran ban ruwa.
Ya tsufa a Ohio yana faɗa da tsuntsaye da masu haraji,
yana tashi tsakar dare ya auna tsakar gida da taku.

Ni na yi masa askin ƙarshe, a kan teburin kicin.
Ran nan ne kaɗai jijiyar ta saki.

Yanzu yara na tambaya, "Baba, haka yake?"
In ɗaga kai in dubi tagullar.
Haɓar ta yi sumul, ba laifi,
amma ba hannuna ba ne.