Kujerar da Ba Ta Ɗaga Hannu

Ni kafinta ne, a Zango nake.
Bencin mishan goma sha huɗu ni na buga su,
na san wanda ke kuka in mai jiki ya zauna.

Ɗan ƙanwata Barnaba, da na koya wa riƙon zarto
har ya yanke yatsa ya gudu lakwal,
yau shi ke riƙe wa jakadan Paparoma takardu
a Janeba, inda tafki ke kwance ba mai ɗiba.

Ran Lahadi ya kira, layi na tsinkewa.
Na ce, wace irin kujera suka ba ku can?
Ya ce, Kawu, da suna a gabanta, da abin magana,
amma in an zo ƙuri'a
hannunmu a cinya yake.
Mu 'yan kallo ne. Minti uku, can ƙarshe,
sa'ad da manya suka fara laluben hulunansu.

Na yi dariya har ƙusa ta faɗo daga bakina.
Yaro, ka haye teku ka tarar da kujerata!

Shekaranjiya aka yi zaman famfo ƙofar mai unguwa.
Ina can baya, kan bencin da ni na fere ƙafarsa.
Da kowa ya gaji, Malam Harouna ya ce, a ji ta bakin kafinta.
Na ce, tsohuwar nan ta bayan maƙera, Tamadina,
ba ta iya tashi ƙarfe ukun dare sa'ad da ruwa ke zuwa,
a sa mata jarka biyu gaban layi.
Ba wanda ya ce i, ba wanda ya ce a'a.
Aka shafa fatiha, na sunkuya da tawa addu'ar.

Ya ce, mu ma jiya kan ruwa muka yi magana.
Na ce, kun ambaci Damagaram?
Shiru.
Wai can ba a kiran sunan gari,
kowane ɗan Adam ake cewa.
To. Babbar riga ce,
ban sani ba ko za ta zauna wa Tamadina.

Da asuba na fito duba katako,
duwatsun Birni ba su gama rabuwa da duhu ba.
Jarka biyu rawaya a ƙofarta, cike, suna zufa.
Ban tambayi wanda ya kawo ba.
Kati ya ƙare, Barnaba bai ji ba tukuna.