Agwagwar Mai Kai Wasiƙa

Da ƙyashi na je, ba zan ɓoye ba.
Littafin nan ya kwana ƙarƙashin matashina
tun ina yarinya, bangonsa duk ya sha gishirin teku.
Sai ga 'yar gidan Tregear,
wadda jiya-jiya take naɗe mana soyayyen kifi a takarda,
wai ita ce za ta mai da shi fim. Na farinta ma!
Na ce wa Denzil: ɗauko laima, mu je kallon ɓarna.

Silimar tsohuwar coci ce a bakin gaɓar Cornwall,
kujera sittin, rufi na ɗiga kan layi na uku.
Aka kashe fitila.

Sai ga mai kai wasiƙun, dogo kamar falwaya,
keke ba birki, agwagwa a kwando,
yana ɓare ambulan da tururin butar shayi.
Mai daɗi ya kai wa mai ita,
mai ɗaci ya karanta wa agwagwa,
ya naɗe hannu yana jiran hukunci.
Minti huɗu cur kyamara na kan fuskar tsuntsuwa.
Ba kiɗa, ba magana, sai yayyafi.
Wani ya yi tari, wata ta tuntsire,
ni kuwa dariya ta shaƙe ni
har alewa ta kuɓuce daga bakina.

Babi uku ta datse, na ƙirga.
Ta mai da faston mace, ta ɗora ta kan babur.
Amma abin da marubucin ya ci shafi goma yana faɗa,
ita da kofi biyu ta faɗe shi:
ɗaya na tururi, ɗaya ya huce.

Akwai inda sandar ɗaukar murya ta leƙo daga sama,
akwai inda rana ta faɗi sau biyu a yini guda.
Ku bar mata abinta.
Wa ya taɓa gudu bai yi rarrafe ba?

Da aka zo wasiƙar ƙarshe,
wadda ya rubuta wa kansa ya kasa kaiwa,
Denzil, da ko ranar binne uwarsa bai yi hawaye ba,
ya ari hankicina, ya ce wai mura ce.

A bakin ƙofa muka same ta, Morwenna,
cikin rigar ruwan babanta, tana cizon farce.
Na ce: yarinya, kin hargitsa min littafi.
Ta sunkuyar da kai.
Na ce: gobe ƙarfe nawa za a sake?